Gwamnatin da ke sayar da caca, za ta iya takura wa tallarta?

Ma'aikacin Kanti a Amurka ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina fatan waɗanda suka san doka ko suka zauna a wasu ƙasashe za su haska mini. Shekara shida ke nan ina aiki a kantin wani gidan mai a nan Amurka, kuma cikin kayan da ke gabana a kan kanta akwai tikitin cacar gwamnatin jiha, da irin wanda ake jiran ranar fitar da lambobi, da kuma katin nan da ake kankarewa da kwabo a ga sakamako nan take. Ba na jin daɗin wannan ɓangare na aikin, amma ba shi ne abin da ya kawo ni ba a yau.

Akwai wata dattijuwa da ke zuwa farkon kowane wata, ranar da kuɗin fanshonta suka shiga. Takan sayi kati biyu na dala 20, ta koma kan murfin firjin kankara ta kankare su a tsanake, idan ta ci dala 5 ko 10 sai ta dawo ta miƙo mini katin ta ce a ba ta wani a madadinsa, ba ta taɓa karɓar kuɗin a hannu ba. A saman ƙofar kantin akwai allo mai wuta da ke nuna yawan kuɗin da za a ci a wannan mako, ana hango shi tun daga titi, alhali lissafin yiwuwar ci yana bayan tikiti da rubutun da sai mai tabarau ya ƙura ido sannan ya karanta.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, tabar da ke jere a bayana an hana tallarta a rediyo da talabijin a ƙasar nan tun 1971, amma tallar caca kullum tana cikin talabijin, kuma gwamnatin jiha ce da kanta take biyan kuɗin tallar. Shin akwai inda doka ta taƙaita yadda gwamnati ke tallata cacarta? Idan akwai, dokar tana yin tasiri, ko kuwa an bai wa kura ajiyar nama ne kawai?

Ɗalibin Shari'a ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwai irin waɗannan dokoki, kuma abin mamaki shi ne a da can Amurka ta fi kowa tsanani a wannan fanni. A ƙarshen ƙarni na 19, bayan badaƙalar cin hanci da ta dabaibaye cacar jihar Luwiziyana, wadda take sayar da tikiti ta gidan waya a duk faɗin ƙasar, majalisar tarayya ta yi doka a 1890 ta hana aika tikiti ko tallar caca ta gidan waya, sannan dokar sadarwa ta 1934 ta hana watsa tallar a rediyo. Da jihohi suka fara komawa harkar daga 1964, sai majalisar ta sassauta musu a 1975, ta ce gidajen rediyo da talabijin na jihar da ke da caca za su iya tallata ta. Har a 1993 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa wani gidan rediyo da ke jihar Karolina ta Arewa, wadda a lokacin ba ta da caca, ba shi da ikon watsa tallar cacar maƙwabciyarta, jihar Bajiniya, duk da cewa mafi yawan masu sauraronsa suna tsallaken iyaka ne a Bajiniyar. Yau jihohi 45 ke da caca, kuma abin da mutane ke kashewa wajen sayen tikiti ya haura dala biliyan 100 a shekara.

Babban giɓin da ya shafi tambayarka shi ne cewa hukumar tarayya da ke hukunta kamfanoni kan tallar yaudara ba ta da hurumi a kan cacar jihohi, domin hukumomin gwamnati ne, ba kamfanoni ba. Saboda haka mai sayar da sabulu yana da wanda zai tsawata masa idan ya yi ƙarin gishiri, amma hukumar caca sai dai majalisar jiharta, wato majalisar da ke jiran kuɗin cacar don cike kasafinta.

Duk da haka wasu jihohi sun ɗaure kansu. A Wiskonsin, gyaran tsarin mulkin da ya halatta cacar a 1987 shi ne kuma ya hana kashe kuɗin jama'a ko kuɗin cacar a kan tallar jan hankali, ya kuma wajabta cewa kowace talla ta faɗi yiwuwar cin kowace kyauta. Dokar Bajiniya ta ce kada a kashe kuɗi a kan abin da babbar manufarsa ita ce kwaɗaitar da mutane su shiga. Karolina ta Arewa, da ta zo ta kafa tata a 2005, ta ɗauki irin wannan lafazi, ta ƙara da hana auna wani rukuni na jama'a ko wani aji na masu samu, ta kuma ƙayyade kuɗin talla a kashi 1 cikin 100 na kuɗin shiga. Matsalar ita ce iyakar da ke tsakanin sanarwa da kwaɗaitarwa ba ta da shinge. Allon nan da ke saman ƙofarku ba ya faɗin komai sai adadi, don haka a idon doka sanarwa ce, amma kai da kake tsaye a kanta ka fi ni sanin yadda layi ke tsawo ranar da adadin ya kai biliyan.

Kwatancin da nake ba mutane game da Powerball, babbar cacar da jihohi da yawa suka haɗu suna sayarwa, shi ne, yiwuwar cin babbar kyautar ɗaya ce cikin miliyan 292 da 'yan kai, wato kusan kamar a rubuta sunan kowane mutum da ke Najeriya da Nijar da Ghana, har da jarirai, a zuba cikin buhu guda, a ce a zaro naka. Kuma binciken da aka gabatar wa kwamitin da majalisar tarayya ta kafa kan illar caca, wanda ya fitar da rahotonsa a 1999, ya nuna cewa kashi 5 cikin 100 na masu saye su ne ke kawo fiye da rabin kuɗin. Wannan yana nufin ribar ba ta fitowa daga mai sayen tikiti guda don nishaɗi, tana fitowa ne daga irin dattijuwar da ka kwatanta.

Game da tasiri kuwa, dole in faɗi abin da bai goyi bayan ra'ayina ba. A shekarun 1990 majalisar Masachusets ta zaftare kuɗin tallar cacar jihar daga wajen dala miliyan 12 zuwa dala dubu 400, amma ciniki bai faɗi ba, kuma har yau mutanen jihar ne kan gaba a yawan abin da mutum ɗaya ke kashewa a caca. Inda tikiti ya riga ya shiga kowane kanti, kantin kansa ya zama talla.

Hajiya Mazauniyar Ingila ta amsa:

Malam mai tambaya, sannu da ƙoƙari, Allah ya kawo maka aikin da hankalinka zai kwanta da shi. Mu a nan Birtaniya tsarin ya ɗan bambanta, domin cacar ƙasa da aka fara a watan Nuwamba na 1994 gwamnati ce ta kafa ta, amma kamfani ne ke gudanar da ita da lasisi, Camelot ya riƙe ta kusan shekara 30, sannan Allwyn ya karɓa a watan Fabrairu na 2024. Amfanin wannan rabuwa shi ne hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace tana iya kama mai cacar kamar yadda take kama kowa. Ƙa'idojinta sun hana talla ta nuna cewa caca mafita ce daga matsin kuɗi, ko madadin aiki, ko hanyar samun rufin asiri, kuma daga watan Oktoba na 2022 an hana sanya duk wanda ke da farin jini sosai a wurin yara, kamar manyan 'yan ƙwallo. A 2021 kuma an ɗaga shekarun mai saye daga 16 zuwa 18.

Sai dai ina so in ja hankalin Ɗalibin Shari'a zuwa wata talla da duk waɗannan ƙa'idoji ba su taɓa ba, wadda a ganina ita ce ta fi kowace ƙarfi, wato tallar ayyukan alheri. A unguwarmu akwai ɗakin taron jama'a da filin wasan yara, kowanne da ɗan allo a jikin bango mai alamar yatsu biyu a harɗe, yana cewa da kuɗin masu sayen caca aka gina. Ba ƙarya ba ce, kuɗin suna zuwa. Bayan da Birtaniya ta dawo daga gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 da zinariya guda tak, kuɗin caca aka fara zuba wa 'yan wasa, har ta kai ga zinariya 29 a Landan a 2012. Amma abin da ke isa ga ayyukan alherin bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin tikiti ba, kuma allon yana sa wanda ya yi asara ya ji kamar sadaka ya bayar. Maƙwabciyata Baturiya ta taɓa ce mini ita ba caca take yi ba, taimako take yi, alhali a 2015 an ƙara yawan ƙwallayen daga 49 zuwa 59, yiwuwar cin babbar kyauta ta ragu daga ɗaya cikin kusan miliyan 14 zuwa ɗaya cikin miliyan 45, kuma ban ga an manna wannan a jikin bangon kowa ba.

Dangane da zancen kura da ajiyar nama, dubi abin da ya faru a tsallaken ruwa. Italiya ta hana tallar caca kusan gaba ɗaya a 2018, amma ta keɓe cacar ƙasa da ake fitar da sakamakonta daga baya. Sifaniya a 2020 ta tura tallar kamfanonin caca zuwa tsakanin ƙarfe 1 da ƙarfe 5 na asuba, amma cacar gwamnati ta samu sassauci, kuma tallar babbar cacar Kirsimeti, wadda ake yi tun 1812 ana fitar da ita ranar 22 ga Disamba, har jiranta ake yi kowace shekara kamar wani biki. Beljiyam ma da ta tsananta a 2023, cacarta ta ƙasa ba ta shiga cikin dokar ba. Hujjarsu ita ce cacar mako-mako ba ta kama mutum kamar cacar ƙwallo ta waya, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai hujjar ba ta hau kan katin kankarewa ba, wanda mutum zai iya saye sau goma cikin rabin sa'a.

Ɗan Zangon Kumasi ya amsa:

Ina gaida Hajiya da sauran manya. Ni ina ganin kuna ba talla nauyin da ya fi ƙarfinta, kuma zan faɗi dalilina daga abin da na tashi ina gani. A Ghana gwamnati tana harkar loto tun 1958, kuma dokar 2006 ce ta kafa hukumar da ke riƙe da ita yanzu. Wasan da kowa ya sani shi ne na zaɓen lamba 5 cikin 90, kuma kusan kowace rana ta mako tana da nata suna. A bakin zangonmu akwai ɗan akurkin katako na mai rubuta loto, a gefensa allon baƙi da aka jera lambobin makonnin baya da alli, kuma da hantsi za ka tarar da magidanta a tsaye da biro da takarda suna lissafin lambar da suke cewa lokacin fitowarta ya yi. Babu ɗayansu da talabijin ya kawo shi wurin. Abin da ya kawo su shi ne masu hasashen lamba, da takardun loto da ake sayarwa a tasha, da mafarki, da labarin wani mai tura baro da aka ce ya ci ya sayi babur.

Lissafin kuma a fili yake ga mai so. Wanda ya zaɓi lamba biyu, abin da ake kira tu-shuwa, yiwuwar su fito tare ɗaya ce cikin kusan 400, amma idan ya ci ninki 240 ake biyansa, ka ga tun kafin a juya injin an riga an cire kusan kashi 40 cikin 100. Na taɓa zama na yi wa wani kawuna wannan lissafi a bayan kwalin sigari, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mini ai shi lambarsa ba ta cikin 400 ɗin, a mafarki aka ba shi.

Abu na biyu da nake so a duba shi ne masu loton bayan fage, waɗanda ake kira banka-tu-banka. Suna amfani da lambobin da gwamnati ta fitar, su karɓi kuɗin mutane, ba su biyan haraji, kuma idan ci ya yi yawa wasu sukan gudu. Idan aka rufe bakin cacar gwamnati aka bar waɗannan, an gudu ba a tsira ba, domin kuɗin za su ci gaba da fita daga aljihun talaka, sai dai ba za su shiga baitulmali ba. Ni da za a bi tawa, da masu hasashen da ke shiga rediyo suna rantsuwa cewa lambarsu ba ta kuskure za a fara kamawa, kafin a zo kan allon gwamnati.

Ɗalibin Shari'a ya sake amsawa:

Ɗan'uwa na Kumasi, hujjarka ta biyu ita ce ainihin wadda gwamnatocin Turai suka kai gaban Kotun Tarayyar Turai, cewa suna talla ne don su janyo masu caca daga hannun 'yan bayan fage. A hukuncin da ta yanke a watan Satumba na 2010 kan wasu ƙararraki daga Jamus, kotun ta karɓi hujjar amma ta ɗaure ta da sharaɗi: tallar ta tsaya a gwargwadon abin da zai nuna wa mai caca halastacciyar hanya, kada ta zama mai zuga wanda ba ya yi, ko mai rage wa caca muni, ko mai yi mata kwalliya da ayyukan alherin da ake yi da kuɗinta. Gwamnatin da ta keɓe wa kanta kasuwa da sunan kare jama'a, sannan ta dinga kiran jama'ar su shigo, ta rushe dalilin keɓewar da hannunta. Ka ga ma'aunin ya taɓo har allon bangon da Hajiya ta ambata. Na yarda da kai cewa kawunka ba talla ce ta kawo shi ba, amma talla ba don shi ake yin ta ba, ana yin ta ne don ɗansa da bai fara ba tukuna.

Malamin Makaranta daga Kano ya amsa:

Jama'a, Allah ya saka da alheri. Ga musulmi hukuncin caca ba ɓoyayye ba ne, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, kuma aya ta 219 a Suratul Baƙara ta yarda cewa akwai wasu amfanoni a cikinsu ga mutane amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma, wanda kusan shi ne amsar zancen ayyukan alheri. Amma tambayar Malam ta doka ce, don haka bari in ƙara abin da ya shafe mu.

A Najeriya gwamnati ba ita ce mai sayar da tikiti kai tsaye kamar Ghana ba, ko kamar Nijar inda hukumar cacar ƙasa, LONANI, ta gwamnati ce kuma rumfunanta ke karɓar cacar sukuwar dawakin Faransa. Mu lasisi ake bayarwa, a karɓi kaso. Dokar caca ta ƙasa ta 2005 ce ta kafa hukumar tarayya da asusun da ake zuba kason, to amma a watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar tun 2008, ta yanke cewa majalisar tarayya ba ta da ikon yi wa jihohi dokar caca, dokar ta tsaya a Abuja kawai. Saboda haka yanzu kowace jiha da nata. A nan Kano caca haramun ce a doka, kuma Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama a watan Oktoba na 2024.

Sai dai shari'ar gidan rediyon nan na kan iyaka da Ɗalibin Shari'a ya kawo ta tuna mini halin da muke ciki. An rufe shago a unguwa, amma tallar tana shigowa ta tashoshin tauraron ɗan'adam a tsakiyar wasan ƙwallo, da saƙon waya mai cewa ka tura lamba ka ci mota, da Facebook, kuma jihar da ta ba kamfanin lasisi tana cin harajinsa daga kuɗin yaran jihar da ta haramta. Na ƙwace waya a hannun ɗalibi ɗan aji biyar na sakandare a tsakiyar darasi na tarar da tikitin wasa takwas a buɗe. Hukumar tace tallace-tallace da dokar 2022 ta ƙarfafa ta tarayya ce, ikon caca kuma ya koma jihohi, ina jiran in ga wanda zai fara cewa tallar da aka halatta a Legas kada ta sauka a wayar da ke Kano.

Ma'aikacin Kanti a Amurka ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Bayan na karanta amsoshinku na nemo dokar jihar da nake zaune, na tarar ita ma ta wajabta a faɗi yiwuwar ci a kowace talla, kuma da na saurara da kyau a rediyon mota na ji ana faɗa, amma a daƙiƙa biyun ƙarshe, da sauri kamar ana koran mai karantawa. Adadin da suke faɗa ma na cin kowace irin kyauta ne, har da wadda kuɗin tikitinka kawai za a mayar maka, ba na babbar kyautar da aka cika kunne da ita ba. Malam Ɗalibin Shari'a, idan akwai jihar da dokarta ta ƙayyade girman rubutun ko tsawon lokacin faɗar wannan adadi, ina roƙon ka kawo mana lafazinta, domin majalisar jiharmu tana karɓar ra'ayin jama'a a rubuce kuma ina da niyyar aikawa. Jiya ɗaya ga wata ce, dattijuwar ta zo, kuma wannan karon katin dala 30 ta nuna, sabon da aka kafa hotonsa a jikin ƙofa makon jiya.